Yadda ake raba filin gida a Sakkwato ba tare da an ɓata da hukuma ko maƙwabta ba

A unguwanni irin su Mabera, Arkilla, Gwiwa da Runjin Sambo, da wuya damina ta zagayo ba a ji wani ya yanka filinsa biyu ba. Wani buƙata ce ta taso masa, yana so ya sayar da rabi ya ƙarasa ginin ɗaya rabin. Wani ɗa ne ya isa aure, ana so a keɓe masa inda zai ajiye iyali. Mafi yawa kuma rasuwa ce aka yi, magada suka ga gara kowa ya kama nasa. Duk waɗannan dalilai ne na halal. Abin da ke jawo rigima shi ne yadda ake jera matakan, domin mutane da yawa kan fara da kiran dillali da karɓar kuɗin mai saye, sai daga baya su tuna da hukuma, maƙwabci kuwa ba ya samun labari sai ranar da ya ga tifa ta juye yashi a ƙofar gidansa. Wanda yake son rabonsa ya tsaya da ƙafafunsa sai ya juya wannan jeri: ya fara da takarda, ya je ga maƙwabta, ya kira safiyo, ya nemi amincewar hukuma, sa'an nan ya yi ciniki.

Fara da sanin irin takardar da ke hannunka

Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi kuwa izinin zama da amfani ne, wanda satifiket ɗin mallaka ke shaidawa, galibi na shekara 99. Filayen da ke cikin yankin da aka ayyana a matsayin birni gwamna ne ke ba da izininsu, na karkara kuma ƙaramar hukuma. Wannan bambanci yana da nauyi a Sakkwato, domin gari ya daɗe da tsallake iyakar Sakkwato ta Arewa da ta Kudu ya shiga ƙasar Wamakko, Kware da Dange Shuni, kuma mutum zai iya zama a unguwar da yake ɗauka cikin gari ce alhali takardar da ke hannunsa ta ƙaramar hukuma ce, ko ma ba ta wuce takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu ba.

Sashe na 22 na dokar ya hana mai satifiket sayarwa, jinginarwa ko miƙa izininsa, ko wani yanki na shi, sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da aka ƙulla ba bisa ƙa'idar dokar ba ɓatacce ne. Kalmar “wani yanki” ita ce ta shafi mai raba fili kai tsaye. Magada ma ba su fita ba, domin sashe na 24 ya tanadi cewa ba za a raba irin wannan izini gida biyu ko fiye saboda rasuwar mai shi ba sai gwamna ya yarda. Saboda haka hukuncin da kotun shari'a ta yanke na rabon gado yana bayyana wanda ya cancanci me, amma ba shi ne ke mayar da fili ɗaya ya zama biyu a kundin gwamnati ba. Wannan aiki ne na daban, kuma a nan ne gidaje da yawa ke tsayawa, har a yi shekara ashirin jikoki na zaune a gida uku a kan satifiket guda mai sunan kakan da ya daɗe da rasuwa.

Ɗauko satifiket ɗin ka karanta sharuɗɗan da ke jikinsa, musamman amfanin da aka ba da filin dominsa. Idan an rubuta gidan zama, to yanka gabansa a jera shaguna canjin amfani ne, yana buƙatar nasa izinin. Ka biya bashin kuɗin ƙasa idan akwai, ka adana rasit, ka kuma nemi a bincika maka fayil ɗin a Ma'aikatar Filaye da Gidaje domin ka tabbatar babu jinginar banki ko wata ƙara a kansa. Idan kuwa filin na awon igiya ne, wanda aka yanko daga gona ba tare da shimfiɗar gwamnati ba, to aikin farko shi ne neman a daidaita takardunsa. Raba filin da shi kansa bai da rajista ninka matsala ne kawai.

Maƙwabta kafin turaku

Babu dokar da ta ce sai maƙwabcinka ya so za ka raba abinka. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, haƙƙin shufu'a, wato fifikon saye, na abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba, kuma da zarar an sa iyaka an fitar da hanyoyi ya faɗi. Maƙwabci na katanga ba shi da shi. Amma wannan bai sa maganarsa ta zama banza ba, domin ƙa'idar “babu cuta, babu cutarwa”, wadda ta zo a hadisin da ke cikin Muwaɗɗa, ita ce alƙali zai duba idan aka kai ƙara, kuma jami'in tsara gari ma idan ya zo duba wuri abin da ya shafi gidajen kewaye yake dubawa, ko da da wasu kalmomi yake kiransa. Ban da wannan, kyautatawa ce ka fara yi wa maƙwabci tayin rabin da za ka sayar, ko da ka san ba zai saya ba.

Lokacin da muka zo raba filin da mahaifinmu ya bari, ƙafa 100 a faɗi da 100 a tsawo, mun riga mun gama lissafinmu a zaure, mun yanke cewa katanga za ta ratsa tsakiya daga gabas zuwa yamma. Da na je gaya wa dattijon da ke bayanmu, bai ce mini komai ba sai da ya ɗauko sandarsa ya ja ni zuwa gindin katangarsa, ya nuna mini wani layi mai duhu da ya kai tsayin gwiwa, inda siminti ya kumbura ya fara zubewa. Ya ce, “Ɗana, kun raba ƙasa, ruwan ga fa, wa kuka ba? Shekara talatin ta tsakiyar filinku yake wucewa ya faɗa kwata.” Na ce, “Baba, wallahi ba mu yi wannan tunani ba.” Katangar da muka zana za ta tare ruwan ne daidai bayan ɗakin matarsa. Mun juya rabon ya zama daga kudu zuwa arewa, muka bar mashigi a gindin katanga, kuma abin da ya ci mana a lokacin buhun siminti kaɗan ne da yini guda na magini.

Ka je da kanka, kada ka aika yaro, kuma ka je tun zanen yana na fensir. Ka zaɓi lokacin da mutum yake da sukuni, kamar bayan la'asar, ka shiga gida gida: na dama, na hagu, na baya, da na tsallaken lungu idan sabuwar ƙofa za ta kalli tasa. Ka sanar da mai unguwa, domin shi ne za a fara kai wa ƙorafi, kuma shi ne ya san tarihin iyakokin da ba a rubuta ba. Abin da aka amince a kai a rubuta shi a takarda guda, kowa ya sa hannu da kwanan wata, mai unguwa ya shaida. Wasu na ganin rubutu tsakanin maƙwabta rashin yarda ne, amma gidan da kake magana da mai shi yau gobe yana hannun magajinsa ko wanda ya saya, kuma su ba su ji abin da aka faɗa a bakin masallaci ba.

Abubuwa huɗu da ake ƙorafi a kansu

Ruwa ne kan gaba. Daminar Sakkwato gajeruwa ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta kan sauko da ƙarfi cikin ɗan lokaci, kuma filin da a da rabinsa ƙasa ce mai shanye ruwa, idan aka cika shi da rufin kwano da daɓen siminti, duk abin da ya zubo waje zai nufa. Kafin ka zana layi ka tsaya a filin bayan an ɗauke ruwan sama, ka ga inda yake shigowa, inda yake kwanciya da inda yake fita. Kowane yanki da za a fitar ya kamata ya sami hanyarsa ta kai ruwa kwata ba tare da ya bi ta cikin gidan wani ba, indararo kuma ya zuba cikin gidan mai shi. Mai filin da ke gangaren fadama, ta wajen gulbin Rima ko na Sakkwato, shi ya fi kowa bukatar wannan lura, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Akwai kuma ɗabi'ar cike fili da ƙasa a ɗaga shi ya fi na maƙwabta tudu, wadda ke tsirar da mai ita ta nutsar da na kusa da shi. Wannan ita ce cutarwar da ba ta bukatar shaida, ruwan da kansa yake nuna ta.

Na biyu hanya ce, kuma a nan lissafi ke ba mutane mamaki. Fuloti mai ƙafa 50 a faɗi da 100 a tsawo yana da faɗin murabba'in mita 465 ko kusa da haka. Idan aka raba shi gaba da baya, kowane ya tashi ƙafa 50 da 50, amma na baya ba shi da ƙofa sai an yanko masa lungu daga na gaba. A ce lungun ƙafa 10 ne: na gaba ya koma ƙafa 40 da 50, wato kimanin murabba'in mita 186, kuma daga ciki ne za a cire tazarar da hukuma ke so a bari tsakanin gini da titi da tsakanin gini da katanga. Abin da ya rage da ƙyar zai ɗauki ɗaki biyu da falo da tsakar gida. Shi ya sa ake matse lungun ya koma ƙafa 4 ko 5, wanda ko kurar ɗan garuwa sai ta kankari bango kafin ta wuce. Ma'aunin da nake ba mutane shawara su riƙe shi ne su tambayi kansu ko Keke Napep zai iya shiga ya ɗauko mai naƙuda da dare, ko mutum huɗu za su iya fitowa da makara ba tare da sun karkata ta ba, ko kuma tiyon 'yan kwana-kwana zai kai ƙofar gidan baya. Hadisi ingantacce ya ce idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, abin da ya haura mita uku kaɗan, kuma duk wanda ya taɓa zama a gidan baya ya san wannan awo ba almubazzaranci ba ne. Lungun kuma a bayyana shi a cikin zane da takardar ciniki a matsayin hanya, domin idan aka bar shi a baki, wata rana mai gidan gaba zai kafa masa ƙyaure ko ya ɗaure tumaki a ciki. Fili mai ƙafa 100 da 100 ya fi sauƙi, domin ana iya tsaga shi a tsaye kowane ya sami ƙafa 50 a bakin titi, ba a yi asarar ko taku ɗaya ba.

Na uku salga da rijiya. Ma'aikatan lafiya na ba da shawarar a bar kimanin mita 30 tsakanin ramin bayan gida da rijiyar sha, tsawon fuloti guda ke nan cur. Idan gida ɗaya ya zama biyu ramuka sun zama biyu, kuma sabon yakan faɗa daidai kusurwar da rijiyar maƙwabci take. Ka tambayi kowane maƙwabci inda rijiyarsa ko burtsatsensa yake, a sa alama a zane, a kai sokawe gefen titi inda motar kwasa za ta iya isa.

Na huɗu shi ne tsiraici, kuma shi ne wanda mutane suka fi jin nauyin faɗa, suka kuma fi riƙewa a zuci. Wanda filinsa ya ƙanƙance sama yake nufa, ya ɗora bene. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, tsakar gida ita ce ɗakin kwana, ita ce madafa, nan mata ke wanki da kitso ba lulluɓi, saboda haka taga guda a saman bene tana iya hana iyali uku sakewa a gidajensu. Malaman Malikiyya sun daɗe da hukunta cewa ana hana buɗe tagar da ke leƙa cikin gidan maƙwabci. Maganin ba shi da tsada idan an yi shi a kan takarda: manyan tagogi su kalli titi ko tsakar gidan mai benen, na gefen maƙwabta a ɗaga su sama da tsayin mutum, baranda da matakala kuma a kange su. Haka nan sabuwar ƙofa, a goce da ita kada ta yi saitin zauren wani.

Safiyo, zane da hukuma

Bayan an daidaita da maƙwabta sai a kira safiyo mai rajista da SURCON, wato hukumar safiyoyi ta ƙasa, ba mai igiya da tef ba, domin zanen da ba shi da hatimin mai rajista ba zai shiga fayil ba. Ka gayyaci maƙwabta su tsaya ranar awo. Aikinsa na farko shi ne gano turakun siminti na asali da lambobinsu, kuma sau da yawa a nan ake gane cewa katangar da aka gina shekaru da suka wuce ta ci ƙafa biyu na titi ko na wani. Idan haka ta bayyana a warware ta kafin a ci gaba, kada a raba kuskure gida biyu. Zanen da zai fitar ya nuna filin yadda yake, yankunan da ake so a fitar da girman kowanne, hanya, magudanar ruwa, da ginin da ke tsaye a ciki.

Tsara gari hurumin jiha ne, kamar yadda Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2003 a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, saboda haka ƙa'idar da wani ya ji ana bi a Abuja ko Kano ba lalle ba ne ita ce ta nan. A Sakkwato izinin gini da kula da shimfiɗar unguwanni suna hannun Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha, wadda aka fi sani da SURPB, batun satifiket da yardar gwamna kuma yana bi ta Ma'aikatar Filaye da Gidaje da ofishin Babban Safiyo na jiha. Tun kafin ka biya kuɗin zane na ƙarshe ka je ka tambayi mafi ƙarancin girman fuloti da aka yarda da shi a unguwarku da tazarar da ake bari, domin unguwar da aka shimfiɗa don manyan gidaje, irin rukunin GRA, ba ɗaya take da unguwar da aka tsara don cunkoson jama'a ba. Ka rubuta takardar neman izini ka bayyana dalili, ka haɗa da kwafin satifiket, zanen safiyo, rasit na kuɗin ƙasa, shaidar biyan haraji idan an nema, hukuncin kotu idan rabon gado ne, da takardar da maƙwabta suka sa wa hannu. Kada ka saki asalin kowace takarda sai an ba ka shaidar karɓa, duk kuɗin da za ka biya kuma ya kasance na rasit ɗin gwamnati, ka rubuta lambar fayil ɗinka a inda ba za ta ɓata ba.

Ranar da jami'ai za su zo duba wuri ka kasance a nan da kanka, da zanen a hannu. Za su gwada abin da ke takarda da abin da ke ƙasa, su duba ko wani yanki ya faɗa ƙarƙashin babbar wayar lantarki, ko kan hanyar ruwa, ko cikin filin da aka ware wa titi, makaranta ko maƙabarta. Idan suka ce a gyara, a gyara. Sake zane ya fi rushe gini araha. Idan an ƙi, ka nemi a ba ka dalili a rubuce, domin da shi ne za ka san ko gyara za ka yi ko ɗaukaka koke. Magada kuma su sani cewa fili yana iya yin ƙanƙantar da ba zai rabu ba sai an lalata amfaninsa, kuma littattafan fiƙihu sun san wannan hali: a yi masa kima, ɗaya ya biya sauran, ko a sayar a raba kuɗin. Gida mai ƙafa 50 da 50 da aka tsaga wa mutum biyar ba wanda ya samu wurin zama a cikinsu.

Idan kai ne maƙwabcin

Wanda ya ga ana kafa turaku a gefensa ya yi magana tun ba a haƙa harsashi ba, domin bayan an kai linta kowa nauyin cewa a rushe yake ji, har da alƙali. Ya fara da mai filin, cikin mutunci, sa'an nan mai unguwa, sa'an nan uban ƙasa idan abin ya ƙi. Idan ya zama dole a kai ga hukuma, a rubuta koke gajere mai kwanan wata da lambar fuloti, a faɗi cutarwar da sunanta: ruwa zai koma ɗakina, ramin yana taku goma daga rijiyata, an toshe lungun da gida shida ke bi. A haɗa da hoto, musamman wanda aka ɗauka lokacin ruwan sama, a karɓi kwafi mai hatimin karɓa. Koken da ya tsaya kan cewa ba a san irin mutanen da za su tare ba, ko unguwa za ta cika da 'yan haya, ba ya zuwa ko'ina, kuma gaskiya bai kamata ya je ba. Kada kuma a tumɓuke turaku ko a kori leburori, wannan yana mayar da mai gaskiya wanda ake tuhuma. Idan rigimar ta zama ta mallaka ce a kan fili mai satifiket ɗin gwamna, Babbar Kotun jiha ce ke da hurumin sauraronta.

Bayan an amince

Takardar amincewa da rabo ba ita ce izinin gini ba. Kowane sabon gida sai an kai zanensa an sa masa hatimi kafin a aza bulo, in ba haka ba jan fenti na iya bayyana a katanga. A sa safiyo ya kafa sababbin turaku a gaban shaidu, a nemi kowane yanki ya sami lambarsa da takardarsa da sunan mai shi, yadda kowa zai riƙa biyan kuɗin ƙasarsa shi kaɗai. Sai a wannan gaɓa ne ya dace a karɓi cikon kuɗin mai saye, a rubuta takardar miƙa mallaka, a nemi yardar gwamna a kanta, a yi mata rajista. A cikin takardar a ambaci faɗin lungu, wanda katangar tsakiya take wuyansa, da mashigin ruwan da ba a yarda kowa ya toshe ba. Wajen aiki kuma a fara da magudanar ruwa da katanga, a gama su a cikin rani, kafin hadarin farko na watan Mayu ko Yuni ya taso.